Tsohon Injin Goge Ƙarfe: Yadda Ake Gane Asalinsa Da Dawo Da Shi Bakin Aiki

A kasuwar Panteka da ke Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, mutum kan ci karo da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a yashe cikin tarkace, tsatsa ta lulluɓe shi, doguwar sanda ta fito masa dama da hagu. Mai wucewa zai ɗauka mataccen injin famfo ne. Wanda ya san kan sana'a kuwa ya san injin goge ƙarfe ne, wanda masu aiki ke kira injin folish, shi ne ke fito da ƙyallin tukunyar alminiyom, da tasar tagulla irin ta maƙeran Bida, da zoben azurfa, da ƙofofin ƙarfen nan da ba ya tsatsa waɗanda suka cika gidajen birni.

Da yawa daga cikin irin waɗannan injuna sun fito ne daga ɗakunan gyara na masana'antun da suka durƙushe a Bompai da Sharaɗa da Kakuri, ko daga makarantun koyon sana'a da aka yi gwanjon kayansu. Wasu kuma cikin kwantenar kayan gwanjo suka shigo daga Turai. Ɗan gwangwan ba ruwansa da tarihinsu, sikeli yake dubawa, ya lissafa nauyin ƙarfe da na jan ƙarfen da ke cikin koyil. Tun da darajar Naira ta faɗi, sabon inji mai inganci ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nisa, mai arahar kuma sau da yawa ba ya jure aikin yini. Shi ya sa mai shagon walda da ma'aikacin da ke tanadin sana'ar da zai kama bayan ritaya duk suka fara leƙa wajen tsofaffin. Sai dai cinikin yana da fuska biyu: ana iya dacewa da injin da zai yi shekara 30 yana aiki, ana kuma iya zuba kuɗi a ɗauko gawa.

Na goge ne ko na washi?

Kuskuren farko shi ne rikita injin goge da injin washi. Kamanninsu ɗaya daga nesa, amma aikinsu daban. Na washi yana da gajeriyar sanda, da murfin ƙarfe da ya kewaye dutsen, da ɗan dandamalin da ake ɗora abin da ake wasawa. Na goge sandarsa doguwa ce, domin a samu sararin juya tukunya ko salansar babur ba tare da ta bugi jikin injin ba, kuma galibi ba shi da murfi. A injunan Ingila bakin sandar yakan tsuke kamar tsinin karas, da tiredi a jikinsa, inda ake murɗa faifan ƙyalle ya kama da kansa. Na Amurka sun fi zuwa da miƙaƙƙiyar sanda da noti da faranti biyu masu matse faifan.

Bambancin ya shafi rai. Wanda ya ɗaura dutsen washi a kan doguwar sandar da ba ta da murfi ya ɗana wa kansa tarko, domin dutse idan ya fashe a guje gutsattsarinsa fita suke yi kamar harsashi.

Akwai kuma nau'in da ya girmi waɗannan, wanda ba shi da inji a jikinsa sam. Sanda ce kawai a kan ƙafar ƙarfen zubi, da fuli mai faɗi a tsakiya. Irin wannan ya fito ne daga zamanin da inji guda ke juya doguwar sanda a rufin masana'anta, bel na saukowa zuwa ga kowace na'ura. Idan an ga fuli biyu gefe da gefe, ɗaya a kafe ɗaya yana juyawa sakaka, to da su ake tayarwa da tsayarwa: a tura bel kan kafaffen ya tashi, a mai da shi kan sakakken ya tsaya. Wannan nau'in yana da wata fa'ida a yau, domin kowane inji za a iya haɗa masa, a kuma zaɓi gudun da ake so ta girman fuli.

Abin da allon bayani ke faɗa

A jikin kusan kowane inji akwai ɗan allon tagulla ko alminiyom da aka kafe, shi ne takardar haihuwarsa. Yawancin mutane da burushin waya suke far masa, su kankare rubutun da suke nema. Abin da ya dace shi ne kananzir da tsumma mai laushi, sai a haska tocila daga gefe, lambobin da aka buga su fito da inuwarsu. Idan allon tagulla ne, ɗan ruwan lemon tsami ya isa, kamar yadda mata suka saba wanke tasoshi. A ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa komai.

Sunan kamfani shi ne abin dubawa na farko. W. Canning na Birmingham, wanda asalinsa ke komawa 1785, ya shahara da kayan goge ƙarfe da na rufa shi da wani ƙarfen, injunansa manya ne na masana'anta. Viceroy, ƙirar kamfanin Denford da ke Brighouse a yankin Yorkshire, an yi shi ne musamman domin ɗakunan koyon sana'a na makarantu. Wolf na Landan ya fi yin ƙanana na kan tebur. Daga Amurka kuwa sunan da ya fi fice shi ne Baldor, wanda Edwin Ballman da Emil Doerr suka kafa a St. Louis a 1920, kamfanin ABB kuma ya saye shi a 2011. Wani lokaci akan ga suna biyu, ɗaya a gangar jiki ɗaya a kan injin, saboda masu ƙira da yawa sayen injin suke yi daga wasu, irin su Brook na Huddersfield ko Crompton Parkinson.

Shekarar ƙira ba kasafai ake rubuta ta a fili ba, amma allon yakan tona asirin kansa. Idan an rubuta "cycles" ko "c/s" a inda na zamani ke rubuta Hz, to da alama injin bai wuce shekarun 1960 ba, domin a 1960 ne aka amince da Hz a ma'aunin duniya, masana'antu kuma suka bi a hankali. "Made in West Germany" na nufin tsakanin 1949 da 1990. Adireshin Amurka mai ɗauke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar ba zai riga 1963 ba. Tambarin CE alama ce ta shekarun 1990 zuwa sama. Igiyar wuta mai launin ja da baƙi da kore tsohon tsarin Ingila ne, wanda ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin ɗorawa suka maye gurbinsa wajejen 1970.

Duk da haka, lambobin wuta sun fi shekaru muhimmanci ga aljihun mai saye. Wutar Najeriya volt 230 ce a kan 50 Hz a layi ɗaya, kimanin 400 zuwa 415 a layi uku. Injin da aka rubuta wa PH 1 zai ci wutar shago. Mai PH 3 yana buƙatar layi uku, abin da yawancin ƙananan shaguna ba su da shi. Akwai na'urar da ake kira VFD mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, amma volt 230 take bayarwa, don haka sai injin da allonsa ya nuna 230/400 ne zai yi aiki da ita da cikakken ƙarfinsa, bayan an sauya haɗin wayoyi shida da ke cikin akwatinsa. Tsofaffin injunan Ingila masu 400/440 kaɗai, da wayoyi uku kacal, sai mai naɗin koyil ya buɗe ya zaƙulo mahaɗar da ke ɓoye a ciki.

Injin Amurka kuma yana da tasa matsalar. An yi shi ne domin 60 Hz. A wutar nan gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, kuma idan aka ba shi cikakken volt ɗin da ke kan allonsa zai riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Mai volt 115 kuwa, jona shi kai tsaye a soket ƙone shi ne nan take. Abin sha'awa, manyan injunan Amurka masu volt 460 a layi uku sun fi zama lafiya da wutar nan, domin 460 a kan 60 Hz kusan daidai yake da 380 a kan 50 Hz.

Lissafin gudu

Lambar da ke gaban RPM ita ce yawan juyin sanda a minti ɗaya. A kan 50 Hz inji ɗayan biyu ne: mai sauri, wajen 2,850, ko mai matsakaicin gudu, wajen 1,425. Abin da ke goge ƙarfe shi ne gudun bakin faifai, wanda ya dogara da faɗinsa. Faifai mai inci 8 kewayensa kusan santimita 64 ne. A juyi 2,850 bakinsa na tafiyar kimanin mita 30 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 100 a awa, gudun motar da ta miƙi hanyar Zariya. Galibin aikin ƙarfe tsakanin mita 25 zuwa 35 ake yin sa, saboda haka wannan haɗin ya yi daidai. Idan aka ɗaura mai inci 12 a kan injin nan, gudun zai kai mita 45, sabulu ya riƙa tashi daga ƙyallen, aiki ya ƙone, faifan kuma ya fi saurin fizge abu daga hannu. Babban faifai na injin 1,425 ne, haka ma aikin roba da katako da ƙaho, waɗanda zafi ke ɓatawa.

Ƙarfin doki ɗaya watt 746 ne. Rabin doki ya ishi maƙerin zinari da faifansa mai inci 6. Mai goge tukwane da ƙofofi yana buƙatar doki ɗaya zuwa sama, in ba haka ba da ya danna aiki injin zai durƙusa.

Kafin kuɗi su fita daga aljihu

Ciniki a nan da hannu da kunne da hanci ake yin sa. A juya sandar: idan ta tafi sumul, madalla, idan tana gurnani kamar akwai yashi a ciki, boris ne ya mutu, wannan kuwa ƙaramin abu ne, hasali ma hujja ce ta neman ragi. A ɗaga bakin sandar sama da ƙasa a ji ko tana wasa. Sannan a kafa tsinin alli ko ƙusa dab da bakinta a juya a hankali. Idan tana taɓawa a gefe ɗaya tana kaucewa a ɗayan, ta lanƙwashe. Wannan shi ne ciwon da ya fi addabar injin goge, saboda da doguwar sandar ake kama shi wajen lodi, a kanta kuma yake faɗuwa. Mai injin sassaƙar ƙarfe yana iya miƙar da ƙaramar lanƙwasa, babba kuwa sai an sassaƙa sabuwar sanda.

Gangar jikin ƙarfen zubi ana ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma. Lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, tsagaggiya kuma muryarta a dushe take. Sai a sunsuni ramukan iska. Warin ƙonannen koyil ba ya ɓuya, yakan shekara bai fita ba. Wanda ya je da mai gyaran wuta da mitarsa ya fi kowa dabara: a injin layi uku, koyil ukun su nuna lamba kusan ɗaya, kuma kada ko ɗayansu ya nuna haɗuwa da gangar jiki. Nauyi ma shaida ne, domin akan samu injin da aka riga aka zare masa jan ƙarfe aka mayar da murfi.

Aibi ɗaya ana iya ɗauka. Injin da ya haɗa lanƙwasasshiyar sanda da ƙonannen koyil da tsaga a ƙafa, kuɗin gyaransa zai zarce darajarsa, gara a bar wa mai sikeli.

Kwancewa

Abin da ya fi lalata tsofaffin injuna a hannun masu gyara shi ne notin hagu. Faifan injin goge yana juyowa ne daga sama zuwa wajen mai aiki, ya gangara ƙasa. Domin kada noti ya kwance da kansa, sai aka yi tiredin ɓangaren hagu a birkice. Wanda bai sani ba zai yi ta murɗawa yana ƙara ɗaurewa, ya sa bututu a sifana, har tiredin ya cinye. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane noti, na dama da na hagu, yana kwancewa ne ta inda faifai ke juyawa. Tsinin karas ɗin ma akwai na dama akwai na hagu, galibi da harafin R ko L a jiki.

Na biyu shi ne ma'auni. Injin Ingila da aka ƙera kafin ƙasar ta fara komawa tsarin mita a 1965, har ma da wasu na bayan nan, notinsa na tsarin Whitworth ne, wanda Joseph Whitworth ya fitar a 1841. Kusurwar tiredinsa digiri 55 ce, ta tsarin mita kuma 60. Sifanar milimita ba ta zama masa daidai, notin kasuwa kuma zai shiga zagaye biyu ya cije. Don haka ko wane noti aka cire a adana shi cikin gwangwani, domin samun madadinsa wahala ne. Wanda tsatsa ta kama a jiƙa shi da kananzir ko gas kwana biyu, a ɗan bubbuga, a sake jiƙawa. Kafin a raba murafun gefe da gangar jiki a yi musu alama da tsinin ƙarfe, saboda su koma yadda suka fito.

Boris yana ɗauke da lambarsa a gefe. A jerin 62, mai lamba 6203 raminsa milimita 17 ne, 6204 milimita 20, 6205 milimita 25, duk ana samun su a kasuwar kayan gyara. Idan aka ga sunan Hoffmann, ko R&M, ko RHP da ya haɗe su a 1969, akwai yiwuwar na inci ne, sai an auna da kyau. Mai murfin roba gefe biyu, wanda lambarsa ke ƙarewa da 2RS, ya fi dacewa da wurin da ƙurar sabulu ta haɗu da ta hunturu. Jabun boris ya yi yawa, kuma a juyi 2,850 ba ya daɗewa, saboda haka a nan ne bai kamata a yi ƙoron kuɗi ba. Wajen sawa, zoben ciki kaɗai ake bugawa ta hanyar ɗora bututu, ko a ɗumama boris ɗin kaɗan ya zame da kansa. Harshen wuta kashe shi yake yi.

Injunan bel na da can ba su da boris. Sandar tana kwance ne a kan tagulla, ko wani farin ƙarfe mai laushi da ake kira babit, da sunan Isaac Babbitt da ya fito da shi a 1839. Irin wannan mai yake sha, giris toshe shi yake yi. Sau da yawa akwai ɗan zobe da ke rataye a kan sandar yana ɗebo mai daga ƙasa, idan ya maƙale sai a wanke shi. In sandar tana wasa, akan cire ɗaya daga siraran takardun ƙarfen da ke ƙarƙashin murfi, ta koma daidai.

Tsatsa da fenti sun fi kowane mataki cin lokaci, amma ba su da wuyar fahimta. Ƙananan sassa a jiƙa su cikin ruwan kal kwana ɗaya, a wanke, a shafa mai nan da nan. Manya ana iya tsoma su cikin ruwan sodar wanki, a haɗa baƙar wayar cajar batir a jikinsu, ja kuma a jikin wani ƙarfen banza da ke cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba, tsatsa ta saki cikin sa'o'i. A fili ake yin wannan, saboda iskar da ke tashi tana kama wuta, kuma koyil ba ya shiga ruwa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka da jiƙaƙƙiyar samfefa ake kankare shi, nesa da inda yara ke wasa.

Wuta

Tsohuwar waya mai rigar roba takan bushe ta farfashe ko da a ido tana da kyau, sai a sauya ta gaba ɗaya, a kuma ɗaura wayar ƙasa a gangar jiki, domin mai aiki hannunsa na kan ƙarfe yini guda. Mai gyaran wuta zai gwada koyil da na'urar mega a volt 500. Abin da ya gaza megohm ɗaya alamar danshi ce ko lalacewa. Idan danshi ne, shanya a rana kwana biyu ko kunna ƙwan fitila mai zafi a kusa yakan gyara.

Injin layi ɗaya da ke gurnani ba ya tashi sai an juya shi da hannu, matsalarsa ɗayan biyu ce: kafasita, ko ɗan makunnin da ke ciki, wanda ke yanke koyil ɗin tayarwa idan gudu ya kai kusan kashi uku cikin huɗu. Shi ne ke yin ƙaras lokacin da inji ke tsayawa, kodayake wasu injunan ba su da shi. Ana goge bakinsa da samfefa mai laushi. Kafasita kuwa a sauke cajin da ke cikinta kafin a taɓa, a sayi mai lambar µF iri ɗaya, volt ɗinta daidai ko sama. Tsofaffi masu mai a ciki, na kafin 1979, suna iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, bai kamata a fasa su ba.

Idan ya zama dole a sake naɗi, mai inji ya tsaya a ƙirga zagayen tsohuwar waya a auna kaurinta a gabansa, a kuma ɗora ta a sikeli. Wanda aka naɗa wa siririyar waya, ko alminiyom mai rigar jan ƙarfe, zai ga injinsa ya tashi lafiya a shagon mai naɗi, ya ƙone bayan 'yan makonni.

Akwai gyara guda da ya fi dacewa da halin ƙasar nan, wato makunni mai maganaɗisu. Tsohon makunni idan aka ɗauke wuta a kunne yake zama, da an dawo da ita injin zai tashi da kansa, wataƙila daidai lokacin da yaron shago ke sauya faifai. Mai maganaɗisu yana sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an danna. Mai amfani da janareto kuma ya tuna cewa inji yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi. A injin layi uku, gwajin farko ba da faifai ake yi ba: idan ya juya a birkice noti zai kwance, maganinsa shi ne musanya kowaɗanne wayoyi biyu daga cikin ukun.

Faifai da sabulu

Bayan an kafe injin a ƙasa ko a tebur mai nauyi, a bar shi ya yi minti 30 yana gudu ba kaya, ana taɓa wajen boris. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba zai jure ba alamar matsi ce ko giris ya yi yawa.

Faifai mai tauri na zaren sisal da baƙin sabulu su ne na cire zane a baƙin ƙarfe. Ɗinkakken ƙyallen auduga da sabulu mai ruwan ƙasa na tagulla ne da jan ƙarfe da alminiyom. Kore da fari na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, ja kuwa na zinari da azurfa, a kan sakakken ƙyalle mai laushi. Kowane sabulu da faifansa, domin ƙwayar baƙi ɗaya a faifan ƙarshe ta isa ta zane aikin awa guda. Ƙurar alminiyom idan ta taru tana kama wuta, tartsatsin baƙin ƙarfe kuma shi ne ashanarta, saboda haka ana share wurin kafin a sauya daga wannan zuwa wancan.

Aiki a ƙasan tsakiyar faifai ake riƙe shi, inda ƙyallen ke gangarawa, domin in ya fizge abu ya jefa shi ƙasa maimakon fuskar mai aiki. Ba a miƙa wa faifai kaifin gefen da ke fuskantar juyinsa. Sarƙa da zobe da duk abin da ke da rami ana naɗa su a jikin katako, ba a zura yatsa a ciki. Babbar riga, da hannun kaftani, da jelar rawani, da carbin da ke rataye a wuya duk a ajiye su kafin a kunna, a sa tabarau da takunkumin hanci. Doguwar sandar da ta rage tsirara tsakanin inji da faifai kuwa, ana zura mata guntun bututu a kafe shi a jikin murfi, ta riƙa juyawa a ciki.